Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Ƴaƴanmu Za Su Riƙe Tarihi



Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, mukan ga yaranmu sun duƙufa suna haddace shekaru da sunayen sarakuna. Bayan wata biyu, in muka tambaye su, sai mu tarar kome ya zube. Dalili kuwa shi ne an ba su shekarun a warwatse, kamar carbin da zarensa ya tsinke. Asarar ta wuce ta maki, domin yaron da bai san abin da ya gabata ba, duk wanda ya zo masa da labari mai daɗi zai ja shi. Bari mu ɗauki tarihin Damagaram ya zame mana misali.

Da farko, a kafa turaku kaɗan. Shekaru huɗu sun isa: 1851, hawan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kuma aka ƙera igwa a zamaninsa, 1884, rasuwarsa, 1899, yaƙin Tirmini, inda sojojin Faransa suka rinjayi Sarki Amadu Kuran Daga, 1926, lokacin da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Duk wani labari da yaro zai ji daga baya, sai ya ɗaure shi a turken da ya fi kusa. Yana da kyau ya rubuta shekarar Hijira a gefe, domin rubuce-rubucen malamanmu da ita suke ƙidaya. Tirmini, alal misali, ta faɗo a 1317. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka.

Na biyu, kowane turke a bi shi da tambayar "don me?". Me ya kawo Faransawa Tirmini? A 1898 an kashe wani hafsansu, Cazemajou, a Damagaram, kuma masana suna danganta kisan da tsoron kada ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya cinye Barno. Ban da ramuwa, Faransa tana neman Tafkin Cadi, har ta tura runduna uku: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya daga yamma. Ta yammar ce, ƙarƙashin Voulet da Chanoine, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, sannan bayan mutuwar jagororin biyu ta iso Tirmini. Rundunonin uku sun haɗu a Kuseri a 1900, inda Rabe ya gamu da ajalinsa. Dubi yadda tambaya ɗaya ta ɗinke Lugu da Ƙonni da Damagaram da Cadi a zare guda. Abin da aka fahimci sababinsa ba ya saurin gushewa.

Na uku, a tambayi kowane labari: daga wa ka fito? Wannan gadonmu ne, domin malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta. Rahoton hafsan da ya ci yaƙi yana neman yabon manyansa, marokin fada yana kare martabar ubangidansa, kowannensu yana da abin da ya gani da abin da ya rufe. Shi ya sa André Salifou, a littafinsa na 1971 kan Damagaram, ya haɗa takardun Turawa da bakin dattawan ƙasar. Sannan a auna labarin da hankali. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙi yarda da ruwayar da ta kai mayaƙan Bani Isra'ila 600,000, bayan ya duba ƴan tsirarun kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, aminci ya tabbata a gare su. Yaronmu ma yana iya tambaya: garin nan zai iya ciyar da wannan adadi?

Na huɗu, gani ya kori ji. Wanda ya tsaya gaban ragowar ganuwar Birni, ya taka zuwa Zango inda ayarin fatake ke sauka, ya ƙaru da abin da shafi goma ba za su ba shi ba. Wanda ke nesa ya buɗe taswira, ya bi da yatsa daga Damagaram zuwa Agadas har Tarabulus, zai gane abin da ya sa garin ya yi arziki.

Na biyar, a koma ga dabarar makarantar allo. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya, kuma bayan ya wanke yana komawa tilawa. Haka yaro zai rufe littafi ya ba ƙannensa labarin da bakinsa, ya sake bayarwa bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Inda ya tsaya yana kame-kame, nan ne bai gane ba, nan zai koma.

Saura abin da ba ya jira, wato tsofaffinmu. Su sukan ƙidaya zamani da abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta 1914 da suka ji daga iyayensu, ko shekarar El Buhari ta 1984 da suka gani da idonsu. A wannan hutu, mu tura yaro ya zauna gaban kakarsa da alƙalami, ko ya ɗauki muryarta a waya. Ya tambaye ta daga ina gidanmu ya taso, me ya tayar da shi, kuma wa ya gaya mata. Ya rubuta sunanta da ranar da suka zanta. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tarar da ita a cikin tulu.

Allah ya albarkaci zuriyarmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.