A riƙa buɗe bakin yaran da ake kawowa awon tamowa a Zamfara

A ranar 15 ga Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Sai dai ga uwar da ke Gidan Goga a ƙaramar hukumar Maradun, ko a ƙauyukan Bakura da Talata Mafara, wannan sanarwa ba za ta yi amfani ba sai in akwai wanda zai buɗe bakin ɗanta ya duba dasashinsa.

Sunan cutar ba shi da alaƙa da aikin gona, daga harshen Girkanci ya samo asali. Zaizayar baki ce da ke cin kumatu da leɓe da hanci, galibi a yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma daga dasashi take farawa.

Mutane da yawa na ɗauka haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka ba ne. Saiwar kowane haƙori na zaune cikin ɗan rami a ƙashin muƙamuƙi, an lulluɓe ta da wani siririn ɓawo mai tauri, sannan wasu ƙananan zaruruwa sun ɗaure ɓawon da ƙashin, su ne ke shanye nauyin tauna. Dasashi shi ne murfin duk wannan. Yana zagaye wuyan haƙori ya manne, ya bar ɗan lungu da zurfinsa bai wuce milimita 3 ba a baki mai lafiya. A wannan lungu dattin abinci da ƙwayoyin cuta ke taruwa. Yaron da ke ƙoshe, jikinsa na iya tare su. Wanda tamowa ta rama, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, garkuwarsa ta yi rauni. Dasashin ya yi ja, ya kumbura, ya fara jini da an taɓa, baki ya soma wari. Daga nan gyambo ya ɓulla, kunci ya kumbura, kuma cikin mako biyu nama na iya ruɓewa har ƙashi ya bayyana. Idan ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 ba sa tsira.

Abin takaicin shi ne matakin farko yana da sauƙin magani: wanke baki da ruwan gishiri, asuwaki, abinci mai gina jiki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta idan gyambo ya fara. Da zarar an wuce nan kuwa, sai tiyata, sau da yawa ba ɗaya ba, a Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Asibitin na aiki kyauta, amma kuɗin mota da barin gona da fargabar hanya duk a kan iyaye suke. Wasu kuma sukan fara zagaye wajen masu maganin gargajiya don zaton iska ce, kafin su iso lokaci ya ƙure.

Zamfara ta haɗa duk abin da cutar ke so. Hare-haren 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu, sun kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka, allurar ƙyanda ba ta kai wa ga yara da dama. Awon da MSF da ma'aikatar lafiya ta jihar suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Waɗannan yaran su ne noma ke nema.

Don haka abin da ake buƙata daga gwamnatin Gwamna Dauda Lawal ba sabon gini ba ne. Duk yaron da aka kawo awon tamowa ko rigakafi an riga an ɗora shi a cinyar uwarsa, an zagaya masa zaren awo a damtse. Ɗaga leɓensa a haska fitila ba zai ci minti ɗaya ba. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar ta mayar da wannan dubawa wajibi, ta koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani da ungozomomi bambancin dasashi mai lafiya da wanda ya fara ruɓewa, ta kuma tabbatar akwai maganin a kan kanta. Yaron da aka ga kuncinsa ya kumbura a tura shi babban asibitin Talata Mafara a ranar, kuɗin motar kuma ya fito daga ƙaramar hukuma.