Lauya a ofishin jandarma: doka ta ba da dama, Bangi na jiran masu zuwa

Shari'ar mutum takan lalace tun kafin ya ga fuskar alƙali. A Nijar, 'yan sanda ko jandarma na iya tsare wanda ake zargi na awa 48, kuma mai gabatar da ƙara na iya ƙara wa'adin. A waɗannan awoyi ne ake rubuta bayaninsa da Faransanci, shi kuwa manomin Bangi da Hausa ya yi magana, ya dangwala yatsa a kan abin da ba ya iya karantawa. Wannan takarda ita za ta bi shi har kotu.

Doka ba ta bar shi haka ba. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 05 ta shekarar 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Tun 2011 kuma aka kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa galihu a harkar shari'a. Sai dai mafi yawan lauyoyin ƙasar a Yamai suke, ɗaruruwan kilomita daga Madawa, Buza da Keita.

Bangi na bakin iyaka da Najeriya, ta kuma karɓi 'yan gudun hijira da suka tsere wa 'yan bindiga daga jihar Sakkwato. A irin wannan wuri, zargin haɗa baki da ɓarayi na iya faɗa wa mai laifi da marar laifi.

Wasu na cewa lauyan wanda ake zargi abokin ɓarawo ne. Amma zargi ba hukunci ba ne, kuma idan aka ɗaure marar laifi, mai laifin na nan yana yawo a gari.

Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na yaye ɗalibai a fannin shari'a. Gaskiya ne aikin ba ya kawo kuɗi kamar kare manyan kamfanoni, kuma kiran yakan zo da tsakar dare. Shi ya sa ya kamata gwamnati ta riƙa biyan lauyoyin marasa ƙarfi a kan kari, ƙungiyar lauyoyi ta tsara masu jiran kira a kowace gunduma. 'Yan ci-rani da ke haɗa kuɗin gina rijiya su ma za su iya ɗaukar nauyin karatun lauya ɗan garinsu, bisa sharaɗin ya dawo gida ya yi aiki.