Kisan Kuskure Ma Akwai Diyya

Akwai wata magana da ke kashe muhawara a majalisunmu, kuma na gaji da jin ta. Da zarar an taɓo wani matakin gwamnati da ya jefa mutane cikin wahala, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Ai niyyarsa ta alheri ce, na kusa da shi ne suka ɓata abin." Daga nan kowa ya yi shiru, kamar an jawo aya. Tun da Allah ya karɓi ran tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025 maganar ta ƙara samun rumfa, domin yanzu ana haɗa ta da cewa ba a tonon mamaci. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Tsakaninsa da Ubangijinsa ba hurumina ba ne. Amma canjin kuɗin da aka yi a ƙarshen mulkinsa a kanmu aka yi shi, kuma idan ba mu auna shi da ma'aunin da ya dace ba, wani zai sake yi mana irinsa gobe da wannan uzurin.

Mu tuna yadda abin ya faru. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, kimanin tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Dalilan da aka bayar ba wanda zai ƙi su: a karya masu garkuwa da mutane da ke karɓar kuɗin fansa buhu-buhu, a rage jabun kuɗi, a dawo da kuɗi banki, sannan a hana 'yan siyasa sayen ƙuri'a. Sababbin takardun suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu. Mako shida da 'yan kwanaki ke nan, a ƙasar da akwai ƙananan hukumomin da babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu. Kwana biyu da sanarwar, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa 'yan majalisar dattawa cewa ba a shawarci ma'aikatarta ba.

Sauran labarin kowa ya gani da idonsa. Mutane suka yi biyayya, suka kwashi tsofaffin kuɗinsu suka kai banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Kuɗin da ke hannun jama'a ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya a watan Fabrairu. Aka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Magidanci yana da kuɗi a asusu, gidansa ba a ɗora tukunya ba. Ni da kaina na tsaya a bakin wani shagon magani da takardar likita a hannu, na tura kuɗi sau uku, an cire daga asusuna bai shiga na mai shagon ba, shi kuma ya ce ba zai ba da kaya ba sai ya ga saƙo. Ban ga laifinsa ba. Amma ni mai waya ne, mai asusu, mazaunin birni. Matar da ta kora akuyarta kasuwar ƙauye domin ta sayi hatsi, ta tarar babu mai tsabar kuɗi sai wanda ya taya ta rabin farashi, ita wa za ta tura wa? Mai tumatir da kayansa suka ruɓe a kwando fa?

Masana ɗabi'a sun daɗe suna gardama a kan abin da ke sa aiki ya zama daidai. Wasu, irin su Bentham da Mill na Ingila, sun ce a dubi sakamako: a tara amfanin da aikin ya haifar, a tara cutarwarsa, a ga wanne ya rinjaya. Kant na Jamus ya ce akwai haƙƙoƙin da ba a tsallakewa ko da za a ci riba, kuma ba a mayar da ɗan Adam tsani kawai domin a hau a cimma wata manufa. Aristo na tsohuwar Girka ya fi damuwa da halin mai aikin, da hikimarsa ta gane abin da ya dace a lokacin da ya dace. Waɗannan mazhabobi ba sa jituwa, almajiransu har yau suna sa-in-sa. Abin mamaki a canjin kuɗin 2023 shi ne duk wadda ka ɗauko a cikinsu sai ta kayar da shi.

A ma'aunin sakamako, me aka samu? Garkuwa da mutane ba ta tsaya ba. A watan Maris 2024 aka kwashe ɗaliban makarantar Kuriga a jihar Kaduna. Sayen ƙuri'a ya sauya riga ne kawai, ya koma taliya da atamfa da sabulu da tura kuɗi ta waya, kuma yunwar da aka jefa mutane ciki ta sa ƙuri'ar ta ƙara araha. Kuɗin da aka ce za a killace a banki, kafin ƙarshen 2023 sun fito har sun zarce yawan da suke kafin a fara. Kuma ba a ce babu darasi a gaba ba. Indiya ta yi irin wannan a watan Nuwamba 2016, ta soke manyan takardun kuɗinta da dare ɗaya domin kama masu ɓoye dukiya, daga baya babban bankinta ya bayyana cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na kuɗin sun dawo. Masu ɓoyon sun san hanya. Kullum sun san hanya, domin manajan banki abokinsu ne.

A ma'aunin haƙƙi kuwa abin ya fi muni. Kuɗin da mutum ya ajiye a banki amana ce. Hana shi kuɗinsa na halal domin ana farautar wani ɓarawo daban, wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Kuma ranar 8 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a dakatar da wa'adin, amma ranar 16 ga watan shugaban ƙasa ya fito ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba da aiki. Da kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, ta ce ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta soki ƙin bin umarninta, ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Duk da haka sai da aka ƙara kwana goma kafin Babban Banki ya bi.

Na san abin da dattijon majalisarmu zai ce: waɗannan ma'aunan Turawa ne, mu Musulmi an gaya mana ayyuka suna tare da niyya. To, mu dawo gida, domin a nan ne maganarsa ta fi rauni. Niyya ita ke tantance lada a wurin Allah. Ba ta taɓa ɗauke haƙƙin bawa ba. Yaron da ya yi karatun fiƙihu a zaure ya san cewa wanda ya harbi barewa kibiyarsa ta sami mutum bai yi niyyar kisa ba, amma shari'a ta ɗora diyya da kaffara. Wanda ya yi wa mutane magani bai san aikin ba, ya cutar, shi zai biya, ko da tausayi ne ya sa shi. Malamanmu sun kafa ƙa'ida cewa kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa an ɗaure shi da maslaharsu. Wato fiƙihun ma yana tambayar abin da ya sami mutane, ba abin da ke zuciyar sarki kaɗai ba.

A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da yanke hannun ɓarawo. Wa ya fi shi tsananin riƙo da doka? Amma ya dubi halin da mutane ke ciki ya sassauta. Mu a nan mun ɗauki kafewa a kan magana ɗaya a matsayin alamar gaskiya. Shugaba ya ga layin banki ya kai titi, ya ji an ƙone bankuna a wasu biranen kudu, ya ce ba gudu ba ja da baya, mu kuma mu tafa mu ce namiji. Wannan taurin kai ne da muka sa wa rawani. Kuma ba karon farko ba ne. A watan Afrilu 1984, yana shugaban mulkin soja, an rufe iyakoki an canza launin kuɗi cikin ƙasa da mako biyu, kuma tsofaffinmu na ƙauye ba su manta asarar da suka yi ba. Wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba zai ce bai san abin da zai biyo baya ba.

Ga wani abin da ke ƙona wa masu maganar niyya rai. Waɗanda suka kai ƙara Kotun Ƙoli gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara ne, duka na jam'iyya mai mulki, ana saura 'yan makonni zaɓe. Mutane da yawa sun ce ba don talaka suka yi ba, don akwatin zaɓe ne. A ce ma haka ne. Mai ƙosan da ciniki ya dawo mata bayan hukuncin kotu ba ta tambayi abin da ke zuciyar gwamna ba. Mai niyyar da ake yabo ya hana ta abinci, waɗanda ake zargin niyyarsu suka dawo mata da shi. Idan ma'auninka ba zai iya bayanin wannan ba, ma'aunin ne ya karkace.

Batun "na kusa da shi" kuwa ba uzuri ba ne, ƙarin tuhuma ce. Wa ya naɗa su? Wa ya sa hannu? Shugaban ya fito da bakinsa ya ce shi ya amince da shirin. Zaɓen mashawarta da sauraron wanda ya ce a dakata suna cikin aikin da aka rantsar da shi a kai.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon mutum ɗaya ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaba, Bola Tinubu, ya soke tallafin mai da jimla ɗaya a jawabin rantsuwa, farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki, kafin a tanadi abin da zai rage wa mutane raɗaɗi. Magoya bayansa suka ɗauko waƙar da muka rera wa wanda ya gabace shi: manufar mai kyau ce, a yi haƙuri. Waɗanda suka kare canjin kuɗi da niyya ba su da bakin da za su yi ƙorafi, domin su suka koya wa masu mulki cewa wannan kalmar ta isa.

Gaskiya ne, a jawabinsa na bankwana Buhari ya nemi afuwa a kan wahalar da wasu matakansa suka jawo, kuma na ga mutuncin hakan. Sai dai mai akuyar nan ba a mayar mata da rabin kuɗinta ba, mai tumatir ba a biya shi kwandonsa ba. Daga baya ma aka cire wa'adin gaba ɗaya. Jiya da na sayi burodi, mai shago ya ba ni canji da ɗari biyar guda biyu, ɗaya tsohuwa ɗaya sabuwa, duka suna aiki.