Harafi Ɗaya, Lamba Biyu: Wace Irin Fatawa Ce Wannan?

Tun da majalisar Unicode, mai yanka wa haruffa lamba a kwamfuta, ta ƙara wa rubutun Malayalam haruffan chillu guda uku a shekarar 2016, bisa shidan nan da ta shigar a 2008, nake jin masana kwamfuta suna ta sa albarka, wai an rufe babin mas'alar, ijma'i ya tabbata, duk wanda ya sake tayar da ita kuwa fitina yake nema. To, a lissafa ni cikin masu neman fitinar, domin ijma'in da aka ƙulla alhali masana irin na ƙungiyar Rachana da ta Swathanthra Malayalam Computing suna can Kerala, mahaifar harshen, suna kururuwar ba su yarda ba, ban san a mazhabar da ya inganta ba.

Shi chillu baƙi ne wanda babu wasali a bayansa, tamkar baƙi mai ɗauri a ajaminmu, illa dai yana da sura tasa ta dabam. Kafin 2008 da abu uku ake rubuta shi a na'ura, wato baƙin asali, da alamar ɗaurin da suke kira chandrakkala, da wata ɓoyayyar alamar haɗi wadda ido ba ya ganinta, kuma wannan tsari, ko ba komai, yana riƙe da nasabar harafin, yana shaida cewa ൻ ɗan ന ne na halal. Sai aka wayi gari an yanka wa kowane chillu lambarsa, aka kuma ƙi hukunta cewa sabuwar lamba da tsohon tsari abu guda ne, har ya zama kalma ɗaya mai fuska ɗaya na'ura tana ganinta biyu, mai neman ta cikin taskar rubutu ya sami rabi, rabi ya ɓace masa, bai ma san ya yi hasara ba.

Hujjar masu goyon bayan sabuwar lambar, wadda suke maimaitawa kamar wuridi, ita ce wasu manhajoji suna share ɓoyayyar alamar, sai “avan”, wato shi, ta koma “avanu”, wato gare shi. Madalla da wannan basira! Guga ya huje, maimakon a ɗinke shi sai aka haƙa rijiya ta biyu. Wannan gyaran gangar Auzinawa ya fi bayyana a harafin nan na “nta”, wanda yanzu ake shigar da shi ta hanya uku, kowane mai zana haruffa da tasa, ko da yake ɗalibin da ke aji ɗaya ya san abu ɗaya ne a kan allo.

Ni dai ban yi mamaki ba, don kuwa cutar tsohuwa ce. A 1971 gwamnatin Kerala ta datse ɗaruruwan haɗaɗɗun haruffa don rubutun ya shiga cikin tafireta, ta sa yara suka tashi suna tuntuɓe a kan littattafan kakanninsu, sai a 1999 mutanen Rachana suka dawo da tsohon rasmi cikin kwamfuta, suka nuna cewa tun asali gazawar ta ƙarfe ce. Kullum harshe ake yi wa kaciya don ya dace da injin, kuma mu da muke rubuta 'ya'ya a Kano, ƴaƴa a Damagaram, na'ura tana ɗaukarsu kalmomi biyu, ba ma bukatar tafsirin wannan ciwo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a bar ƙofar tuba ba, saboda ƙa'idar majalisar da kanta ta ce harafin da ya shiga kundinta ba ya fita har abada.