Filin Fasaha: Na'urar Da Ke Mance Mai Ciniki

Tun da aka buɗe cibiyar CcHUB a kan titin Herbert Macaulay, a Sabo Yaba cikin Ikko, a shekarar 2011, unguwar nan ta zama matattarar samari masu rubuta wa kwamfuta umurni. Akwai wani kuka da sabon shiga ba ya rabuwa da shi. Ya gina wa ɗan kasuwa shafin ciniki, mai saye ya shigar da sunansa ya zaɓi kaya, da ya matsa shafi na gaba sai kwando ya koma wayam, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Ciniki ya tashi, ladan aikin yaro kuma ya maƙale.

Asalin abin shi ne, babbar na'urar da ke riƙe da shafin ba ta tuna kowa. Duk wanda ya komo baƙo ne a gare ta. Dabarar da aka yi irin ta mai ajiyar kaya a tasha ce, wanda yakan karɓi kaya ya ba da lamba. Lambar nan ita ce kuki, wadda Lou Montulli ya ƙago a kamfanin Netscape cikin 1994.

A harshen PHP, lalle ne umurnin session_start ya zo a kowane shafi tun kafin a aika ko da harafi guda, gama lambar tana tafiya ne a kan gaba. Layi guda da aka bari babu rubutu a saman fayil ya isa ya tare mata hanya. Har wa yau, bisa tsarin asali, ajiyar da ta yi daƙiƙa 1440, watau minti 24, ba a taɓa ta ba, ana iya share ta.

Tarko na biyu ya fi wuyar ganewa. Ƙimar da aka raɗa wa suna a cikin wani ƙaramin aiki tamkar zancen cikin ɗaki ce, ba a jinta a zaure, na zaure ma ba ya shiga ɗaki sai an yi masa iso da kalmar global. Masu gaggawa sukan buɗe ƙofar nan ko'ina, kuma ganganci ne, domin kowane ɓangare yana iya sāke ƙimar ba da sanin sauran ba. Gara a miƙa wa aikin abin da yake bukata hannu da hannu, abin da ake so ya bi mai saye zuwa shafi na gaba kuwa a sa shi cikin ajiya.