Rumbun Kusa da Hanyar Ƙauye: Saurin Shafukan Nazarin Hausa ga Mai Karatu a Funtuwa da Malumfashi

Yankin Funtuwa da Malumfashi ya daɗe yana ciyar da Arewa da masara da dawa da auduga, kuma ya daɗe yana ciyar da manazarta Hausa da bayanai. Ɗalibai daga jami'o'in Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-ma sukan shiga garuruwansa su tattaro kalmomin noman auduga, da waƙoƙin gayya, da salon ciniki na kasuwar hatsi irin ta Dandume. Sakamakon wannan aiki yanzu yana fitowa a mujallun da jami'o'i ke ɗorawa a intanet, ana kuma cewa an buɗe wa kowa ƙofa. Sai dai malamin Hausa na makarantar sakandare a Bakori, ko malamin gona a Kafur, da wayar hannu yake karatu, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa. Idan shafi ya daɗe yana juyawa bai buɗe ba, a wurinsa daidai yake da littafin da aka kulle a kabad.

Maganin da masana kwamfuta suka fi ba da shawara a kai shi ne tsarin rumbunan rarraba bayanai, wanda suke taƙaita sunansa da CDN, musamman da yake akwai kamfanonin da ke bayar da shi kyauta. Ya kamata mujallun Hausa su karɓi wannan tsari ba tare da jan ƙafa ba. Amma rabin matsalar kawai yake warwarewa, sauran rabin yana hannun editoci.

Abin da tsarin ke yi

Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa. Sau da yawa hukumomin Nijeriya sukan yi hayar wannan masauki a Turai ko Amurka. Idan mai karatu a Malumfashi ya taɓa adireshin mujalla, buƙatarsa za ta tashi daga wayarsa zuwa turken sadarwa mafi kusa, ta bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa Legas, sannan ta shiga ɗaya daga cikin wayoyin ƙarƙashin teku. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya cikin irin waɗannan wayoyi. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta ya kai kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, ke nan zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kashi 7 cikin 100 na sakan. Wannan kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa kafin harafi ɗaya ya bayyana, dole wayar da masaukin shafin su yi gaisuwa da musayar makullan tsaro, abin da ke buƙatar kai da komowa sau da dama. Bayan nan kuma shafin zai shiga jawo hotuna da sauran tarkacensa.

Tsarin rumbunan yana rage wannan tafiya ne ta hanyar ajiye kwafin kayan shafi a birane daban-daban na duniya, ta yadda mai nema zai karɓa daga rumbun da ke kusa da shi. Kamfanin Akamai, wanda aka kafa a Amurka a 1998, yana cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Kamfanin Cloudflare, da ya fara hidima a 2010, shi ya yi fice wajen bayar da matakin farko kyauta, kuma yana da rumbu a Legas. Haɗa shafi da shi ba ya buƙatar sayen na'ura. Mai kula da shafin zai sauya bayanan adireshi ne kawai domin baƙi su riƙa biyowa ta hannun kamfanin.

Manoman wannan yanki sun san irin wannan dabara tun kafin zuwan intanet. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Ginshiƙinsa shi ne gina cibiyoyin hidimar manoma a karkara, domin a kawo taki da iri da maganin feshi kusa da gona, maimakon kowa ya niƙi gari zuwa birni.

Dalilan karɓa

Mujallar sashe a jami'ar gwamnati ba ta da kasafin hayar kwamfutoci a nahiyoyi uku, don haka abin da ya zo kyauta ya cancanci a duba shi da idon basira. Bayan sauri, rumbun yana ɗauke wa masaukin shafi nauyi a lokacin da ɗalibai suka yi masa rubdugu, misali gab da jarrabawa. Yana kuma tare wani ɓangare na hare-haren da ake kaiwa domin durƙusar da shafuka. Akwai kuma darasin ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin intanet da na bankuna suka tabarbare a Nijeriya. Abin da aka riga aka ajiye a Legas ba ya buƙatar ƙetare teku kafin ya isa Katsina.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Rumbun Legas yana kusa ne idan an kwatanta da Landan, amma tsakaninsa da Funtuwa akwai tafiyar sama da kilomita 800. Mafi wuyar tafiyar ma ita ce ta ƙarshe, daga turke zuwa wayar da ke hannu, inda rauni ko cunkoson layi ke yanke hukunci. Shirin noman Funtuwa ya fahimci haka, shi ya sa bai tsaya ga gina cibiyoyi ba, sai da ya haɗa da hanyoyin karkara. Babu wani kamfanin rumbu da zai gyara wannan zango. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, shafi mai sauri da maras sauri duk ɗaya suka zama. Wanda ya ci gaba da karatu a lokacin shi ne wanda ya riga ya sauke maƙala ya adana a wayarsa, kuma ƙaramin fayil ne ake iya adanawa a tura wa wani.

Iyaka ta biyu ta fi shafar manazarta. Rumbu ba ya riƙe komai har abada. Abin da ake yawan nema shi ke zama, wanda ba a nema sai a fitar da shi a ba wani wuri. Labarin wasan ƙwallo da dubban mutane ke buɗewa kullum yana nan a ajiye, amma maƙala kan kirarin manoma da mutum biyu ke nema a mako, sau da yawa sai an koma can asalin masaukinta an ɗauko. Masu bincike sun soki shirin noman Funtuwa da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, kuma wannan tsari ma ya fi yi wa mai yawan baƙi rana.

Na uku, banza ba ta kai zomo kasuwa. Sharuɗɗan Cloudflare sun ba kamfanin ikon taƙaita hidima ga wanda ya mayar da rumbun wurin rarraba bidiyo ko manyan fayilolin sauti ba tare da biyan kuɗin hidimar da aka tanada domin haka ba. Adabin baka kuwa da murya yake rayuwa, saboda haka mujallar da ke son ɗora waƙoƙin noma da hirarrakin dattawa tana buƙatar wani tanadi na daban. Haka nan duk zirga-zirgar masu karatu ta hannun kamfanin waje za ta bi, abin da ya kamata hukumar jami'a ta auna da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Su kansu kamfanonin sukan yi tuntuɓe, kamar yadda matsalar Fastly ta ranar 8 ga Yuni, 2021 ta dakatar da manyan shafukan jaridu da na gwamnatin Birtaniya na kusan awa ɗaya.

Nauyin da ke kan editoci

Jaki komai ƙarfinsa, saurinsa yana ga nauyin kayan da aka ɗora masa. Maƙala mai kalmomi 6,000, idan zallan rubutu ce, ba ta wuce kilobait 50 ba. Idan kuwa aka ɗauki hoton shafukanta ashirin, kowane ya kai megabait ɗaya, aka haɗa su a fayil guda, nauyinta ya ninka sau 400. A kan layin da ke kawo megabit ɗaya a sakan, saukar da wannan fayil zai ɗauki fiye da minti biyu da rabi, ta farkon kuwa ba za ta kai sakan ɗaya ba. Rumbu zai kawo fayil ɗin kusa, amma datar da mai karatu zai ƙona tana nan yadda take, ga shi a farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa a mayar da rubutu hoto shi ne tsoron kada ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe a na'urar wani. Wannan tsoro yana da asali a zamanin da ake buga Hausa da haruffa na musamman waɗanda sai an sa su a kwamfuta kafin su fito. Tsarin Unicode ya tanadi haruffa masu lanƙwasa, kuma wayoyin yau suna nuna su. Rubutun da aka buga da shi injin bincike yana gano shi, ɗalibi yana iya neman kalma a cikinsa, makaho yana iya sa na'ura ta karanta masa gwargwadon iyawarta. Hoton shafi ba ya bayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an yi masa ƙarin aiki.

Saboda haka ya dace kwamitin editoci ya sanya nauyin fayil cikin ƙa'idojinsa, kamar yadda ya sanya ƙa'idojin rubutu da tsarin madogara. A buƙaci marubuta su miƙa aiki da haruffan Unicode. A fitar da kowace maƙala a matsayin shafi mai sauƙi, tare da ƙaramin fayil na saukewa. A rage girman hotuna da taswirori, a cire manyan hotunan ado daga shafin farko. Tsofaffin fitowa da sai dai a ɗauki hotonsu, a matse su, a raba su maƙala-maƙala maimakon kundi guda. Bayan an yi wannan sai a ɗora rumbun kyauta a kai, a kuma saita shi ya daɗe yana riƙe da maƙalun da aka riga aka buga, tunda ba sauyawa suke yi ba.

Gwajin ƙarshe kuma kada a yi shi a ofishin shugaban sashe, inda layin jami'a ke da ƙarfi. A ba ɗalibin da zai tafi hutu Malumfashi ko Faskari adireshin mujallar, ya buɗe ta da wayarsa, ya rubuta tsawon lokacin da ta ɗauka da yawan datar da ta ci. Manoman da suka ba da lokacinsu da iliminsu aka rubuta waɗannan maƙalu suna da haƙƙin 'ya'yansu su iya karanta abin da aka rubuta a kansu, kuma wannan gwaji shi zai nuna ko mujallar ta sauke wannan haƙƙi.