Ludwig Göransson, Baturen Suwed da ya bi sawun ganga har Senegal

A wannan mako filinmu na kiɗa da waƙa zai kai mu ƙasar Suwed, can arewacin Turai, domin mu duba rayuwar wani mai tsara kiɗa da sunansa ya zagaya duniya, wanda kuma labarinsa ya taɓo gangar Afirka ta Yamma.

An haifi Ludwig Göransson ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 1984 a garin Linköping. Mahaifinsa malamin koyar da gita ne, kuma an raɗa ma yaron sunan Ludwig ne saboda Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus. Tun yana ƙarami ya kama gita. Da ya girma sai ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Sitokolm, babban birnin ƙasar. A shekarar 2007 ya ƙetare zuwa Amurka, ya shiga jami'ar Kudancin Kaliforniya a birnin Los Angeles, inda ake koyar da tsara kiɗan sinima. A can ne Allah ya haɗa shi da wani ɗalibi baƙar fata mai koyon shirya filim, Ryan Coogler. Abotar da suka ƙulla suna ɗalibai ita ce ta zama ginshiƙin sana'arsu su biyu.

Ya kamata mu fahimci wannan sana'a. Mai tsara kiɗan filim zai zauna ya kalli hotunan da aka ɗauka, ya san inda ake son ɗan kallo ya ji tsoro, da inda ake son ya ji tausayi ko ƙarfin zuciya, sannan ya rubuta abin da kowane makaɗi zai buga, har daƙiƙar da zai fara da wadda zai tsaya. Göransson ya fara ne a matsayin mataimakin Theodore Shapiro. A shekarar 2009 ya samu aikin kiɗan wani wasan talabijin mai suna Community, inda ya saba da Donald Glover, wanda suka yi ta fitar da faya-fayai tare. Da Coogler kuwa ya yi Fruitvale Station a 2013, da Creed a 2015.

Babban gwaji ya zo da filim ɗin Black Panther na 2018, labarin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda. Turawa da yawa kafin shi sun saba su zauna ɗakinsu su ƙaga abin da suke zaton shi ne kiɗan Afirka. Shi kuwa ya ga zuwa da kai ya fi saƙo. Ya tafi Senegal ya yi kusan wata guda, ya bi tawagar mawaƙin Fulanin nan Baaba Maal wuraren wasa, ya ɗauki muryarsa, ya ɗauki sarewar Fulani, ya kuma ɗauki tama ta Massamba Diop. Tama ƴar'uwar kalangunmu ce: ana matse tsarkiyarta a hammata, sautinta ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum. Da ita aka buga sunan sarkin labarin, T'Challa, ya zama takensa duk inda ya bayyana. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ko ta Katsinar Maraɗi ya san wannan hikima ba sabuwa ba ce a wurinmu. Daga nan ya wuce Afirka ta Kudu, ya saurari tsofaffin kaɗe-kaɗe a ma'ajiyar da Hugh Tracey ya kafa a 1954, kafin ya haɗa duka da babbar ƙungiyar makaɗan Turai a birnin Landan.

Wannan aiki ya jawo masa kyautar Oscar a 2019. A shekarar nan kuma waƙar This Is America, wadda suka yi da Glover, ta ci manyan kyaututtukan Grammy. Ya yi kiɗan The Mandalorian, ya yi Tenet a 2020 tare da Christopher Nolan. Don ci gaban Black Panther na 2022 ya je Legas da Meksiko ya yi aiki da mawaƙan can. Oppenheimer na 2023, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam na nukiliya, ya gina shi bisa gogen Turawa, kuma ya kawo masa Oscar ta biyu a 2024. A 2025 suka sake haɗuwa da Coogler a filim ɗin Sinners, mai tushe cikin kiɗan baƙaƙen jihar Misisipi.

To, me ya rage mana? Wasu na cewa Afirka ta ba da ganga, Bature ya karɓi lambar yabo. Maganar tana da nauyi, ko da yake sunayen Baaba Maal da Massamba Diop ba su ɓoyu ba, sun ma ƙara fita duniya. Abin da ya fi damun wannan fili shi ne, ya samu abin saurare a Afirka ta Kudu saboda wani ya ɗauka ya ajiye. A nan gida, marigayi Malam Mamman Barka sai da ya je yankin tafkin Cadi ya koyi biram wurin tsohon da ya rage da ita, kafin shi ma ya rasu a 2018. Taken sarakuna, da na maharba, da na mahauta, nawa ne ke kan bakin tsoho ɗaya tak? Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, da gidajen rediyonmu na jihohi, su ne ya kamata a ba kayan aiki su bi ƙauyuka, su ɗauka, su rubuta sunan kowane makaɗi da garinsa. Ta haka ranar da baƙo ya zo nema, zai tarar da kiɗan, ya kuma tarar da mai haƙƙin da za a biya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.